Barci, Hutu da Dabarar Neman Abinci

 Wannan takarda taku ce, ko a Maraɗi kuke cin kasuwa ko a Jibiya, a Ƙonni ko a Illela, a Damagaram ko a Maigatari. Ku karanta ta a natse, wanda ba ya karatu kuma a karanta masa.

Ba sai an ba ku labarin abin da shekarun nan suka zo da shi ba. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta soma buɗe su ba sai a Disamba na 2020. A farkon 2023 aka yi fama da ƙarancin takardun naira, a watan Mayu aka janye tallafin man fetur, bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli kuma aka sake rufe iyaka har zuwa Maris na 2024. Duk sa'ad da irin wannan ta faru, ɗan kasuwa yakan kwana da tambayoyi: a ina zan saro kaya yanzu? Da naira zan sayar ko da sefa? Yaya zan yi da abin da ya yi kwantai? Tsohuwar hanya ta toshe, tilas a nemi sabuwa.

Abin da mutane da yawa kan yi a irin wannan hali shi ne su ƙara wa kansu aiki su rage barci. A fita tun duku-duku, a dawo tsakar dare, a kwana ana juyi ana lissafi. Niyyar mai kyau ce, amma sau da yawa ita ke korar abin da ake nema. Sabon tunani yana buƙatar aiki, yana kuma buƙatar hutu bayan aikin. Wanda ya hana ƙwaƙwalwarsa hutu ya taɓa uwar kuɗinsa bai sani ba. Ga bayanin yadda abin yake, da matakan da za ku iya ɗauka ba tare da kun kashe sisi ko dala ba.

Daga ina dabara take fitowa?

In an ce dabara, ana nufin hango wata hanya a inda kowa ya saba bin guda ɗaya. Mai tumatir da ta ga kayanta za su ruɓe, ta yanka ta shanya, ta ajiye kauɗa sai lokacin da ɗanye ya yi tsada, dabara ta yi. Haka mai tireda da ya lura jama'a ba su da kuɗin kwalin sukari, ya ƙuƙƙulla shi a ƙananan leda. Haka ma 'yan kasuwa uku da suka haɗa kayansu a mota ɗaya domin su rage kuɗin hanya. Abin da ya haɗa su duka shi ne kai mai sarari, wanda zai iya ɗinke abin da ya gani jiya da matsalar da ta taso yau.

A 1926 wani malami ɗan Ingila mai suna Graham Wallas ya kasa hanyar samun sabon tunani gida huɗu. Na farko shiri: a san matsalar ciki da waje, a yi lissafi, a tambayi waɗanda suka daɗe a sana'ar. Na biyu ajiyewa: a saki maganar a kama wani abu dabam. Na uku faɗowa: amsar ta zo, sau da yawa a lokacin da ba a nemanta. Na huɗu gwadawa: a auna ta a ga ko za ta yi aiki. Masu sana'ar waina sun san irin wannan tsari. Ana kwaɓa ƙullu, a rufe shi, a bar shi ya tashi da kansa. Wadda ba ta kwaɓa ba ba ta da abin jira, wadda kuma ta yi gaggawar suya wainarta ba za ta yi laushi ba.

Shahararren masanin lissafin nan na Faransa, Henri Poincaré, ya ba da labarin kansa a 1908. Ya daɗe yana fama da wani lissafi mai wuya, sai wata tafiya ta kama shi, ya manta da batun gaba ɗaya. A garin Coutances, yana ɗora ƙafa a kan matakin keken doki na haya, sai amsar ta faɗo masa. Bai tsaya rubutawa ba, ya ci gaba da hirarsa. Da ya koma gida ya zauna ya bi lissafin, ya tarar daidai ne.

Likitoci sun gano wani ɓangare na dalilin haka. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin babban mutum ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa yana hutawa. A 2001 likita Marcus Raichle da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana cewa akwai wasu sassan ƙwaƙwalwa da aikinsu ke ƙaruwa sa'ad da mutum yake zaune bai sa komai a gaba ba, ya kuma ragu in ya duƙufa a kan wani aiki. Binciken da ya biyo baya ya danganta waɗannan sassa da tuna abin da ya wuce da hasashen abin da zai zo. Ashe mai hutawa kansa bai daina aiki ba, wani irin aikin ne ya koma yi.

Barci shi ne babban hutu

Magabata sun ce dare mahutar bawa. A 2004 masana a Jami'ar Lubek ta ƙasar Jamus suka nuna cewa amfanin dare ya wuce hutun gaɓɓai. Sun ba mutane wani lissafi mai matakai bakwai, wanda ake bi ɗaya bayan ɗaya kafin a kai ga amsa. Ba su gaya musu ba cewa akwai gajeriyar hanya a ɓoye: amsar mataki na biyu ita ce amsar ƙarshe. Bayan sun ɗan yi atisaye, aka bar wasu suka yi barcin awa 8, wasu kuma suka yi waɗannan awoyi idonsu biyu, ko da dare ko da rana. Da aka sake zaunar da su, kusan kashi 60 cikin 100 na waɗanda suka yi barci suka gano gajeriyar hanyar, alhali a cikin waɗanda ba su yi ba, kusan kashi 23 ne kaɗai suka gano ta.

Akwai wani abin lura a cikin wannan gwaji. Waɗanda aka bari suka yi barci ba tare da sun taɓa ganin lissafin ba, barcin bai ƙara musu komai ba. Barci yana aiki ne a kan abin da aka riga aka sa masa. Saboda haka idan kuna da shawara mai nauyi, irin ta cin bashi, ko canza sana'a, ko zuba jari a kayan da ba ku saba da su ba, ku bincika ta da kyau da rana, ku kwana da ita, ku yanke hukunci da safe. Dillalin da ya ce ko yanzu ko an fasa, ya san dalilin da ya sa ba ya son ku kwana da maganar.

Babban mutum yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9 a kowane dare. Wanda ya saba da awa 5 yakan ce jikinsa ya saba, amma gwaje-gwaje sun nuna cewa kuskurensa yana ƙaruwa kullum, shi ne dai ya daina jin gajiyar yadda take. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 idonsa biyu, daidaiton hannunsa da idonsa kan ragu kamar na wanda ya sha giya gwargwadon da dokar ƙasashe da yawa ta hana tuƙi da shi. Wanda ya tashi ƙarfe 5 na asuba ya cika awa 17 ke nan da ƙarfe 10 na dare. Ku tuna da wannan kafin ku ƙirga kuɗi masu yawa a irin wannan lokaci, ko ku hau babur, ko ku matsa wa direba ya kama hanya cikin dare.

Abubuwan da ke sace barci

Na farko goro da shayi da Nescafé da lemon ƙara kuzari. Dukansu suna ɗauke da sinadarin kafin, wanda ke rufe wa ƙwaƙwalwa alamar gajiya. Gajiyar tana nan, saƙonta ne ba ya isa. A jikin yawancin manya, sai bayan kimanin awa 5 rabin abin da aka sha yake fita. Ke nan shayin da aka sha a fada ko a majalisa bayan isha'i yana nan da ƙarfinsa har tsakiyar dare. Ko an samu barci ya ɗauka, ba ya yin nauyi yadda ya kamata. Ba mu ce ku bar goro ko shayi ba. Ku mai da su na safe da na rana, daga la'asar kuma ku rage ko ku dakata.

Na biyu waya. Haskenta yana jinkirta barci, abin da ake kallo a cikinta kuma yana tayar da hankali: farashin canji, labarin tashin hankali, saƙon mai bin bashi, bidiyon TikTok da ba ya ƙarewa. Ku sa wa kanku lokacin da za ku ajiye ta, kamar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin kwanciya, a wurin da hannu ba zai kai gare ta daga shimfiɗa ba.

Na uku sauro da zafi. Gidan sauro mai magani yana kare ku daga zazzaɓin cizon sauro, yana kuma ba ku barcin da ba a katse shi. A watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi kan wuce digiri 40, watsa ruwa kafin kwanciya yana taimakawa. Mai kwana a tsakar gida ko a bakin rumfa ma ya ɗaura gidan sauronsa.

Na huɗu, kuma mafi haɗari, ƙwayoyin da ake sha wai domin ƙarfin aiki, musamman tramol. Tramol maganin ciwo ne mai tsanani, wanda likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Yana kama jiki har mutum ya kasa aiki in bai sha ba. Shansa da yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana iya rage numfashi har a rasa rai. Ɗan dako ko ɗan acaba ko yaron shago da ke sha domin ya daɗe yana aiki, gobensa yake ci yau. Wanda ya riga ya saba da shi kada ya ɓoye, kada kuma ya yanke shi rana ɗaya shi kaɗai, domin jiki kan yi bore. Ya je asibiti a taimaka masa ya rage a hankali.

Hutun rana: ƙailula, aikin hannu da tafiya

Ƙailula tsohuwar al'ada ce a ƙasashenmu, kuma lokacinta ya dace da jiki, domin kuzari yakan ragu da kansa bayan tsakar rana, kasuwa ma takan lafa. Minti 20 zuwa 30 sun isa. In ta zarce haka, akan tashi da nauyin kai. In kuma aka yi ta bayan la'asar, takan ci barcin dare. Maƙwabtan rumfa biyu za su iya yin karɓa-karɓa: wannan ya tsare wa wancan kaya ya ɗan runtsa, sa'an nan su canza.

Ba barci kaɗai ke ba dabara sarari ba. A 2012 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara suka ce wa ɗalibai su faɗi sababbin hanyoyin amfani da kayan yau da kullum, irin su bulo. Daga nan aka raba su: wasu suka yi minti 12 a kan aiki mai wuya, wasu a kan aiki mai sauƙi da ba ya cin hankali, wasu suka zauna kawai, wasu ba a ba su hutu ba. Da aka dawo da su kan tambayoyin farko, waɗanda suka yi aiki mai sauƙi ne suka yi fice, sakamakonsu ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100. A nan ma ƙarin ya tsaya ne a kan tambayoyin da suka riga suka gani.

Irin wannan aiki mai sauƙi ya cika gidajenku da rumfunanku: ɓarar gyaɗa, tsintar wake, shara, wanki, jera kaya, saƙar tabarma. Hannu yana aiki, kai yana yawo. Illar ita ce a yanzu mun cike duk waɗannan gurabe. Da zarar mai saye ya juya baya sai a ɗauki waya, in ana wanki rediyo na kunne, in ana jiran mota ta cika a tasha ido na kan Facebook. Ku bar wa kanku ko da minti 15 sau ɗaya ko sau biyu a rana, wanda babu abin da ke shiga kunne ko ido.

Tafiya a ƙasa ma tana da nata amfanin. A 2014 Marily Oppezzo da Daniel Schwartz na Jami'ar Stanford a Amurka suka gwada mutane a zaune da kuma suna tafiya. Sababbin dabarun da suka kawo suna tafiya sun fi na zaune da kimanin kashi 60 cikin 100, kuma amfanin ya ɗan ci gaba bayan sun zauna. Amma a tambayoyin da amsarsu ɗaya ce tak, tafiya ba ta taimaka ba. Darasin a fili yake: in hanyoyi kuke nema, ku tashi ku taka, in kuwa lissafin riba da faɗuwa ne, ku zauna da takarda. Wanda sana'arsa ta zama ce, kamar tela ko ɗan canji ko mai tireda, ya zagaya kasuwa da ƙafa sa'ad da rana ta yi sanyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Wanda kuwa aikinsa na ƙarfi ne, kamar ɗan dako ko mai talla, abin da jikinsa ke nema shi ne zama a inuwa.

Damuwar kuɗi tana cin wuri a kai

Wataƙila wani ya ce: mai bashi a wuya ina ya ga hutu? Tambayar tana kan hanya. A 2013 aka wallafa wani bincike da aka yi a kan manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya. Su waɗannan manoma sau ɗaya a shekara suke samun kuɗin amfanin gonarsu. Kafin girbi suna cikin matsi, suna cin bashi, suna jinginar da kayansu. Bayan girbi kuwa suna da abin hannu. An yi wa kowannensu gwajin kaifin hankali sau biyu, kafin girbi da bayansa. Mutum ɗaya, ƙwaƙwalwa ɗaya, amma sakamakon bayan girbi ya fi na kafinsa. Masu binciken suka ce damuwar kuɗi ce ke cinye wani kaso na hankali, ta bar kaɗan ga sauran al'amura.

Wannan ya nuna cewa wanda tunaninsa ya cushe a lokacin matsi ba daƙiƙi ba ne, kaya ne suka yi wa kansa yawa. Ba za a kawar da talauci da takarda irin wannan ba, amma akwai hanyoyin rage wa kai kaya.

Ta farko, ku sauke lissafi daga kai ku ɗora a takarda: wa kuke bi, wa ke bin ku, nawa, yaushe. Ko da boko, ko da ajami, ko ku faɗa wa yaro ya rubuta, ko ku naɗi muryarku a waya. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Baylor ta Amurka, wanda aka wallafa a 2018, waɗanda suka ɗauki minti 5 suka rubuta ayyukan da ke gabansu kafin su kwanta sun riga waɗanda suka rubuta ayyukan da suka gama yin barci da kimanin minti 9.

Ta biyu, ku yanke manyan shawarwari a lokacin wadata. Ranar da aka yi ciniki mai kyau, ko aka kwashi adashi, ko aka sayar da amfanin gona, ita ce ranar da za a ware kuɗin makaranta da na magani da na sari, tun kai yana da sarari.

Ta uku, kada ku riƙe damuwa ku kaɗai. Faɗa wa amintacce, miji ko mata, ɗan'uwa ko abokin sana'a, yana rage nauyi. Sau da yawa ma, a cikin bayanin ne mai bayani ke jin mafitarsa ta fito daga bakinsa.

Ci da sha

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai fita kasuwa da shayi kaɗai a cikinsa, ya yini bai ci ba, hankalinsa da haƙurinsa kan ragu tun kafin azahar. Koko da ƙosai, ko fura da nono, ko ɗumamen tuwo sun fi riƙe ciki. Ƙishirwa ma tana kawo ciwon kai da kasala. Ku ajiye ruwa mai tsabta kusa da ku, ku kuma lura da fitsari: in ya yi ja ya yi kaɗan, ruwan jiki ya ragu.

Ƙarancin jini yana sa gajiya, jiri da rashin natsuwa, ya kuma fi kama mata masu ciki, 'yan mata da ƙananan yara. Hanta, nama, kifi, wake da ganyaye irin su zogale suna ƙara sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata. Shayi a kan abinci yana rage abin da jiki zai tsotsa daga cikinsa, don haka a ba da tazarar awa ɗaya ko fiye. Mai ciki ta riƙa zuwa awo, ta sha maganin ƙarin jinin da aka ba ta. Gishiri mai sinadarin aidin kuwa yana taimaka wa ginuwar ƙwaƙwalwar yaro tun yana ciki.

Mata da yara

A gidaje da yawa uwa ce ke riga kowa tashi, ita ce kuma ta ƙarshen kwanciya. Mai ƙosai ko awara ko fura takan haɗa sana'a da girki da raino, ba ta da awa ɗaya da za ta kira tata. Maigida, dabarar uwargida tana cikin abin da ke riƙe da gidan. In kun ɗauke mata ɗibar ruwa, ko kuka sa manyan yara su karɓi wani aikin, ko kuka riƙe jariri ta samu ta runtsa, jarin gida kuka ƙara.

Yara sun fi manya buƙatar barci. Likitocin barci sun ba da wannan ma'auni: ɗan shekara 3 zuwa 5, awa 10 zuwa 13, ɗan shekara 6 zuwa 12, awa 9 zuwa 12, ɗan shekara 13 zuwa 18, awa 8 zuwa 10. Yarinyar da ta yi tallan dare ta kuma yi sammakon makaranta, in ta kasa gane karatu, a duba barcinta kafin a ce ba ta da kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Wasa ma makaranta ce. Yaron da ke ƙera mota da kara ko da gwangwani, da yarinyar da ke dafa tuwon ƙasa tana sayar wa ƙawayenta, dabara suke koyo. Tatsuniya da kacici-kacici da dara suna koya wa yaro hasashe da neman mafita. Ku bar musu lokacin da babu aike, babu talla, babu waya.

Yaushe za a je asibiti?

Wani lokaci cushewar tunani alamar ciwo ce, kuma ciwon yana da magani. Ku je asibiti ko cibiyar lafiya mafi kusa, ta wannan gefen iyaka ko ta wancan, idan kun ga ɗaya daga cikin waɗannan a jikinku ko a jikin wani naku:

- Rashin barci dare 3 ko fiye a mako, har tsawon wata 3.
- Baƙin ciki ko rashin sha'awar komai kusan kullum, har mako 2 ko fiye, musamman ga mai jego.
- Minshari mai ƙarfi tare da ɗaukewar numfashi cikin barci, da gyangyaɗi da rana.
- Kwanaki ba barci ba kuma gajiya, tare da yawan surutu da ɓarnar kuɗi da ba halin mutum ba.
- Mantuwa ko ruɗewa da ta zo farat ɗaya, ko tare da zazzaɓi, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu. Wannan na gaggawa ne.
- Kasa yin aiki sai an sha ƙwaya.
- Tunanin cewa mutuwa ta fi, ko tunanin kashe kai. Wannan ma na gaggawa ne: kada a bar mutumin shi kaɗai, a raka shi asibiti a ranar.

Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, ba abin kunya ba ne. Kada ku sayi maganin barci a hannun masu tallar magani, domin da yawansu suna kama jiki.

Ku gwada na kwana bakwai

1. Ku tsayar da lokacin kwanciya da na tashi, ku ga kun samu awa 7 aƙalla, ko da sai an cika da ƙailula.
2. Daga la'asar, ku dakata da goro, shayi da Nescafé.
3. Kafin kwanciya, ku rubuta ayyukan gobe da matsala guda da ke damun ku, sa'an nan ku ajiye waya.
4. Da rana, ku samu minti 15 na tafiya ko aikin hannu ba tare da waya ko rediyo ba.
5. In wata dabara ta faɗo, ku rubuta ta nan take, ku gwada ta da kaɗan kafin ku zuba jari mai yawa.

Ba kowace dabara ce za ta yi riba ba, shi ya sa mataki na huɗu, wato gwadawa, yake da muhimmanci. A sayo mudu ko tiya a gani kafin a sayo buhu. Bayan kwana bakwai ku zauna da iyalinku ku duba: wane mataki ne ya yi sauƙi, wanne ya gagara, me ya canza a lissafi da haƙuri da masu saye? Abin da ya yi amfani ku riƙe shi, ku kuma miƙa wannan takarda ga maƙwabcin rumfa.

Allah ya ba da lafiya da kasuwa mai albarka.